Kafin a Buga Shafin Farko: Zariya, Kaduna, Kano

Aikin da aka ɗora wa ɗaliban a zangonsu na ƙarshe shi ne su fitar da jaridar gari, ta Hausa, wadda mutumin Zariya zai sa hannu a aljihu ya saya. Malaminsu a sashen koyon aikin jarida abokin aikina ne tun muna ɗakin labarai, don haka da ya ce in raka su zagayen bincike kafin su zauna tsara shafuka, ban ja masa rai ba. Na daɗe ina jin ciwon yadda manyan garuruwanmu, masu jami'o'i da kasuwanni da ɗimbin masu karatu, da wuya ka sami takardar da ke ba da labarin unguwanninsu. Zariya kuwa ta fi kowane gari cancantar a ji mata wannan ciwo, domin a nan aikin jaridar Hausa ya kafu.

Sun riga sun yi zanen gwaji a kwamfuta, kuma yaran suna da hannu, wannan ba a musu. Sai dai abin da suka nuna mini kwaikwayon manyan jaridun Turanci ne na Legas da Abuja: sahu shida sirara na rubutu daga sama zuwa ƙasa, ƙaton hoton ɗan siyasa a tsakiya, ja da shuɗi da rawaya ko'ina, rubutun kuma mitsi-mitsi. A kanun babban labarin, inda ya kamata ƙ ta zauna, wani ɗan akwati ne fanko, saboda samfurin haruffan da suka sauko da shi daga intanet bai san da ita ba. Na tambaye su wa zai karanta. Suka ce jama'a. Na ce wace jama'ar, ta Samaru ko ta cikin Birni? Mai shayin Kwangila ko matar aure a Tudun Jukun? Aka yi shiru. Sun yanka yadi ke nan ba su auna mai riga ba. A nan muka yanke shawarar a ajiye kwamfuta tukuna, a je a ga waɗanda suka riga mu, a ga mai injin bugawa, a ga mai sayarwa, sannan a dawo wurin mai karantawa.

Zangon farko ba nisa. Daga Samaru muka bi ta Kwangila da PZ, muka haye Kubanni zuwa Tudun Wada, wurin da har yau ake kira Gaskiya. Da yawa daga cikin ɗaliban sun sha wucewa ta nan a babur ko a Keke, sun san sunan a matsayin tasha, ba su san daga inda ya samo asali ba. A watan Janairun 1939 aka fara fitar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Zariya, wadda Rupert East ke jagoranta, Abubakar Imam kuma shi ne edita, bayan ya riga ya yi suna da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Lokacin ana jajibirin yaƙin duniya na biyu, jita-jita ta cika gari cewa Ingila za ta miƙa wa Jamus ƙasar nan, gwamnatin mulkin mallaka kuma tana neman hanyar da za ta yi magana da mutane kai tsaye. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a nan Tudun Wada, da maɗaba'arsa, daga nan kuma jaridar Turanci ta Nigerian Citizen ta fito a 1948.

Muna tsaye a bakin titi na ba su wannan tarihi, amma abin da na fi so su riƙe shi ne batun haruffa. Kafin ƙarshen shekarun 1930, masu rubuta Hausar boko ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, ko waƙafi a gefensa, don bambanta sautukan da babu su a Turanci. A zamanin su East ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna daram a littattafai da jarida. A wancan zamani kowane harafi ƙarfe ne da ake zubawa, sai an sa an ƙera su musamman, manya da ƙanana, a kowane girma da ake bukata. Mutanen da ba su da kwamfuta suka ɗauki wannan wahala don kada mai karatu ya yi tuntuɓe. Yau da latsa maɓalli kawai ya rage, ban ga uzurin da mai fitar da jaridar Hausa zai kawo ba idan ya bar su.

Washegari da sassafe muka kama hanyar Kaduna, ta Jaji da Mararrabar Jos, muka shiga ta Kawo. Kaduna ce ma'ajiyar takardun Arewa: ga Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ya koma cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1970, ga kuma reshen Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa. A ɗakin karatu aka fito mana da tsofaffin jaridu ɗaure cikin manyan kundaye. Takardar ta yi ja, gefenta na karyewa, ma'aikacin wurin ya gargaɗe mu da a riƙa juya shafi da hannu biyu. Na raba wa kowa aiki. Wannan ya ƙirga sahun rubutu a kowane shafi, wancan ya auna faɗinsu da rula, wata ta lura da abin da ke zaune a wuri ɗaya fitowa bayan fitowa, wani kuma ya rubuta sunayen garuruwan da ya gani.

Mai rubuta sunayen garuruwa shi ya fara ɗago kai. Ya ce, "Malam, wasiƙu sun yi yawa a nan." Haka ne kuwa. Tsohuwar Gaskiya ba ta da yawan hotuna, ba ta da launi, amma ta buɗe wa masu karatu fili, suna rubuto mata daga lunguna da saƙo na Arewa, kowa da sunansa da garinsa. Malamin makaranta, akawun En'e, ɗan kasuwa, soja a bakin daga. Mutumin da ya ga sunansa a jarida ba zai yar da ita ba, zai kai ta zaure a karanta a gaban jama'a, waɗanda ba su iya karatu ba su saurara. Kwafi ɗaya kunnuwa da yawa yake shiga. Wannan ma yana cikin abin da ake tsara shafi dominsa: jimlar da za a iya karantawa da ƙarfi ba tare da numfashi ya ƙare ba, sakin layi gajere, labarin da ya ƙare a shafin da ya fara, ba sai an ce a duba shafi na kaza ba. A shekarun yaƙin duniya na biyu har an riƙa haɗawa da wasu shafuka na ajami, 'Yar Gaskiya, saboda waɗanda boko bai kai gare su ba.

Abin da ya fi tsaya wa ɗaliban a rai shi ne jin cewa Zariya ta taɓa yin jaridar kanta. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar adabi ta NORLA da ta yi aiki daga 1953 zuwa 1959 ta riƙa fitar da ƙananan jaridu na larduna: Bazazzaga ta Zazzau, Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Zumunta ta Bauci, da wasu a harsunan da ba Hausa ba. An yi su ne domin manyan da suka koyi karatu da girmansu, don kada abin da suka koya a ajin yamma ya zube saboda rashin abin karantawa. Wato tun kafin a haifi iyayen waɗannan yara an riga an yi tunanin da aka ba su a matsayin aikin makaranta, an kuma san wanda ake yi wa. Wata ɗaliba, wadda ita ce suka zaɓa edita, ta ce ashe gado suka zo karɓa. Na ce mata gado ne, amma kada su manta waɗancan jaridu na hukuma ne, hukuma ke biyan kuɗin takarda, hukuma ke faɗin abin da za a sa. Su nasu aikin ya fi wuya, ya kuma fi 'yanci.

Kafin mu tashi na sa an ɗauko mana New Nigerian, wadda ta fara fitowa a Kaduna ranar 1 ga Janairun 1966, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta koma ƙarƙashin kamfaninta. Abu ɗaya nake so su gani. A zamanin da su Adamu Ciroma da Mamman Daura ke editocinta, ra'ayin jaridar yana zaune ne a wani siririn sahu a gefen shafin farko, kullum a nan. Mai mulki da ɗan adawa duk sun san inda idonsu zai fara sauka. Ba ado ne ya ba wannan sahu ƙarfi ba, daɗewa a wuri ɗaya ne da nauyin abin da ake faɗa a ciki. Ɗalibi yakan so ya sauya fasali a kowace fitowa don a ga ya iya. Mai karatu kuwa so yake ya san inda zai sami abinsa ko da ido rufe.

Tafiyar Kano ta fi tsawo. Muka koma ta Zariya, muka wuce Tashar Yari da Kwanar Ɗangora, ta Kadawa da Kura inda shinkafa ta shimfiɗu hagu da dama, muka shiga ta Na'ibawa rana ta take. A mota gardama ta kaure a kan girman jaridar. Wasu na son babba irin ta da, wasu na son ƙarama kamar mujalla. Na bar su, don na san akwai mai raba gardamar a gaba.

Wani dattijo ne mai ƙaramar maɗaba'a a wajen Fagge, wanda na sani tun ina kai masa aiki. Shagon cike da ƙanshin tawada da kananzir, kalandu da katunan biki da littattafan Islamiyya jibge har rufi. Ya saurari editar har ta gama, sannan ya dafa injinsa, tsohon Heidelberg da masu sana'ar ke kira Kord, ya ce, "'Yata, ba ke za ki zaɓi girman jarida ba, wannan ne zai zaɓa miki." Injin yana cin takarda mai faɗin santimita 46 da tsawon 64, ba ya wuce haka. Falle ɗaya na A2 yana shiga, idan an buga gaba da baya an naɗe, ya ba da shafi huɗu masu girman A3. Ƙaramin injin da ke gefe, GTO, A3 yake ci, ya ba da shafuka masu girman A4. Manyan jaridu da injin nadi suke aiki, mai jan takarda daga ƙaton gammo, amma wannan sai mai buga dubbai masu yawa. Don haka shafukan jarida huɗu-huɗu suke tafiya: huɗu, takwas, goma sha biyu. Mai son shafi goma sai dai ya ƙara biyu ko ya rage biyu.

Sai ya ɗauki fallen takarda biyu ya naɗe su, ya sa ɗaya cikin ɗaya, ya ba wani ɗalibi biro ya ce ya rubuta lamba a kowane shafi daga 1 zuwa 8. Da aka warware, yaran suka ga abin da ba a gani a fuskar kwamfuta: shafi na 1 da na 8 fuska ɗaya suke, na 2 da na 7 suna bayansu, na 3 yana tare da na 6, na 4 da na 5 su ne tsakiya. Kowace fuska farantin bugu ɗaya take ci idan baƙi da fari ce. Idan mai launi ce sai faranti huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kuma da yake injin launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda, sai takardar ta ratsa shi sau huɗu. Aka yi lissafi a bayan wani tsohon kati. Jarida mai shafi takwas, duka da launi, faranti 16. Idan fuskar waje kaɗai aka yi wa launi, faranti 7. Kuma tunda shafin baya yana cin arzikin na gaba, launinsa ya zo a ɓagas, sai a sayar wa mai talla da tsada. A wannan ɗan lissafi rabin zanen da suka yi a Samaru ya rushe, kuma ban ga wanda ya yi baƙin ciki ba. Fuskokinsu irin na mutanen da suka fara gane abin da suke yi ne.

Batun takarda ya fi ɗaci. Najeriya ta gina masana'antar takardar jarida a Oku Iboku, a Jihar Akwa Ibom ta yanzu, ta fara aiki a shekarun 1980, ta tsaya a shekarun 1990. Akwai ta Jebba da ta Iwopin, su ma ba su ɗauke wa ƙasar bukatarta ba. Takardar jarida daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala, shi ya sa dattijon ya ƙi ba su farashin da zai wuce mako. Ya ce su dawo ranar da kuɗinsu ke hannu. Ya nuna musu bambancin takardar jarida, mai nauyin giram 45 zuwa 48 da ɗoriya, da farar takarda mai giram 60 ko 70. Ta farkon ta fi araha amma tana shan tawada, ɗigon tawada yana bajewa a kanta, hoto ya yi duhu.

A nan ya faɗi abin da ban taɓa gani an koyar a aji ba, alhali ya shafe mu kai tsaye. Fatarmu baƙa ce, kuma hoton da ya yi kyau a waya, idan ya hau takardar jarida, fuskar mutum takan dusashe har ba a gane shi. Dole a haskaka hoton kafin a kawo, a kuma ɗauke shi inda haske ke dukan fuska, ba a tsakar rana da hula ta yi wa ido inuwa ba. Jaridar da ta dogara da mutum ya ga kansa ko maƙwabcinsa, idan fuskoki suka zama baƙin tabo, ta yi asarar abin da ta fito dominsa. Ya ƙara musu da wasu: kada a kawo hoton da ya bi ta WhatsApp, don an riga an matse shi, kada a sa farin rubutu siriri a kan baƙi, tawada za ta cinye shi, baƙin rubutu ya zama baƙi zalla, ba gaurayen launi huɗu ba, in ba haka ba da faranti ɗaya ya ɗan goce sai haruffa su yi inuwa. Game da haruffa masu lanƙwasa kuwa, ya ce ya sha ganin aiki ya zo lafiya a kwamfutar mai shi, a buɗe a tasa ƙ ta koma wata alama daban. Wannan ciwo ne tsoho. Kafin tsarin Unicode ya game duniya, samfuran haruffan Hausa aron gurbin wasu alamomi suke yi a allon rubutu, shi ya sa har yau ake cin karo da tsofaffin rubuce-rubuce a intanet da baka-biyu a inda ɗ ko ƙ ya kamata su kasance. Maganin shi ne a yi aiki da samfurin da ke da haruffan tun asali, irin Charis da Andika na ƙungiyar SIL ko Noto na Google, waɗanda duk kyauta ne, a kuma kawo aikin a PDF da haruffan a ƙunshe ciki. Yawancin maɗaba'un nan da CorelDraw suke aiki, su ɗaliban kuma InDesign aka koya musu. PDF ɗin ne ke sulhunta su.

Da yamma muka tsaya wurin wani mai sayar da jarida a bakin wata mahaɗa. Teburinsa ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da yadda na san irinsa a da. Ga Aminiya, wadda kamfanin Media Trust ya fara a 2006, ga Leadership Hausa, ga Al-Mizan, sauran na Turanci. Ya jera su ɗaya kan ɗaya, ya danne da duwatsu saboda iska, ba abin da ake gani sai sunan jarida da abin da ke ƙarƙashinsa kaɗan. Mutane na tsaye suna karatun kyauta daga nesa. Na ce wa ɗaliban su ja da baya taku uku su faɗa mini abin da suke iya karantawa. Duk abin da ke ƙasan rabin shafi bai wanzu ba a wannan teburi. A zanensu na farko kuwa, kanun babban labari a ƙarƙashin hoto yake.

Wurin ya kuma nuna musu dalilin da ya sa tsarin da aka yi wa Turanci ba ya karɓar Hausa. Kanun Turanci yakan zubar da ƙananan kalmomi ya tsaya a uku ko huɗu, a buga su da manyan haruffa su cika shafi. Hausa ba ta yarda a zubar mata da ya da ta da sun da za a. Idan aka cire su maganar ta mutu. Kanunmu ya fi tsawo, don haka yana bukatar layi biyu ko uku da haruffa matsakaita, a kuma bar masa fili tun a zane. Haka sahun rubutu: idan ya yi siriri aka kuma daidaita gefe da gefe, sai ramuka su buɗe tsakanin kalmomi, domin manhajar ba ta san inda ake karya kalmar Hausa ba.

Ba a zuwa Kano kan batun jarida a manta da Triumph, kamfanin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, wanda ya yi mazauni a Gidan Sa'adu Zungur. Shi ya fitar da Albishir da boko, da Alfijir da ajami. Ambaton Alfijir ya tayar da wata gardamar da ta bi mu har gida. Ɗaya daga cikin ɗaliban, wanda ya yi allo sosai kafin ya shiga boko, ya dage sai an ba ajami fili. Ya ce a cikin Birnin Zariya akwai dattawa da malaman zaure da ɗinkin hula da na babbar riga ke hannunsu, waɗanda ajami ne karatunsu na yau da kullum, kuma ba wanda ke buga musu labarin gari. Wasu suka ce wahala ce: rubutun daga dama yake farawa, manhaja na gardama da shi, kuma wa zai duba kurakurai? Ni ina bayan mai ajamin. Akwai samfurin haruffa mai suna Alkalami da SIL ta yi bisa salon rubutun Kano, wanda idon almajirin ƙasar nan ya saba da shi, ba irin na littattafan Masar ba. Amma na gindaya sharaɗi: sai an sami malamin da zai karanta kowane layi kafin a kai maɗaba'a. Ajamin da aka buga da kurakurai cin fuska ne ga mutanen da ake cewa ana girmamawa.

Da muka dawo Zariya, sauran aikin na ƙafa ne. Suka buga labari guda a girma uku, lamba 9 da 10 da 11, suka rarrabu. Wasu suka nufi teburan masu shayi, wasu kasuwar Sabon Gari, wasu Tudun Wada, 'yan matan kuma suka shiga gidaje da makarantun Islamiyya na matan aure a cikin Birni, inda namiji ba zai shiga ba. Na bi masu zuwa Ƙofar Doka. Wani tsoho mai sayar da goro ya karɓi takardar farko ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya mayar. Ya karɓi ta uku ya karanta har ƙarshe a bayyane, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ita ce ta mutane. Waccan ta masu tabarau ce." Mutane da yawa da suka haura arba'in suna bukatar tabarau ba su da shi, kuma da daddare ba kullum ake samun wuta ba. Mai tsara shafi yana zaune gaban allo mai haske da idon ɗan shekara ashirin. Idan bai fita ya gani ba, ba zai taɓa sanin wannan ba.

Tambayar abin da mutane ke son karantawa ta fi ba su mamaki. Ba wanda ya nemi labarin Abuja. Wannan kam rediyo ya riga ya faɗa da asuba, Facebook ya maimaita kafin hantsi. Abin da aka yi ta nema shi ne farashin masara da wake da tumatir a kasuwannin kewaye, ranar rigakafi a asibitin unguwa, sanarwar ɗaurin aure da rasuwa da saukar karatu, sakamakon ƙwallon unguwanni, da bayanin inda aka kwana kan gyaran wata hanya ko wata kwata. Matan sun ƙara da cewa a sa masu sana'ar cikin gida, a kuma rubuta da Hausar da suke ji, ba fassarar da sai an koma Turanci kafin a gane ta ba.

Tsarin da suka tsayar daga ƙarshe shafi takwas ne masu girman A3, launi a gaba da baya kawai. Sahu huɗu maimakon shida, rubutu lamba 11, a daidaita shi ta hagu a bar dama ta sake. Samfurin haruffa biyu tak, ɗaya na kanu ɗaya na jiki. Sunan jarida da babban kanu a saman shafi, hoto a ƙarƙashinsu, kuma hoton ya zama na mutumin gari yana aikinsa, da sunansa da unguwarsa bayan an nemi izininsa. Farashin kasuwa ya sami gurbi na dindindin a gefen shafi na 2. Tsakiya, inda shafi na 4 da na 5 ke haɗe ba tsagi, an bar wa dogon rahoto guda. Wasiƙu da sanarwa sun ci shafi na 6 gaba ɗaya, ajami ya sami rabin na 7. Talla ba za ta hau saman shafin farko ba ko nawa aka biya, kuma duk abin da aka biya kuɗi aka sa, za a rubuta talla a kansa ƙarara. A ƙasan shafin baya za a sa sunan masu bugawa da adireshin maɗaba'a, an kuma wakilta mutum ɗaya ya bi batun lambar ISSN a Ɗakin Karatu na Ƙasa. Saboda masu waya, kowane babban labari za a sake zuba shi a ƙaramin fasali mai sahu ɗaya, don shafin A3 ba ya karantuwa a tafin hannu.

Abin da na matsa musu a kai, har suka gaji da ni, shi ne su rubuta duk waɗannan ƙa'idoji a ɗan kundi: girman kowane harafi, faɗin kowane sahu, yadda ake rubuta 'y da sunayen unguwanni da kwanan wata, da dalilin kowace shawara. Jaridun ɗalibai da yawa suna mutuwa ne ranar da ajin da ya kafa su ya karɓi sakamako, don komai yana cikin kan mutum ɗaya da kwamfutarsa. Editar ta ɗauki nauyin kundin, ta kuma jawo ɗalibai biyu daga ajin da ke bin su cikin kwamitin tun yanzu.

Batun suna da farashi ba a daidaita ba tukuna. Wasu na son a farfaɗo da Bazazzaga, wasu na ganin a bar wa tarihi sunansa a nemi sabo. Babban labarin fitowar farko dai an riga an raba aikinsa. Ruwan sha ne, matsalar da Zariya ta shekara da shekaru tana fama da ita. Ɗalibai huɗu za su bi Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada da Birni, kowa ya rubuto unguwannin da famfo ke kawo ruwa da ranakun da yake kawowa, da abin da 'yan garuwa ke sayar da jarka a kowace unguwa, sannan a kai wa hukumar ruwa abin da aka samo a ji ta bakinta. An ware wa teburin alƙaluman sahu biyu a shafi na 5.